Dashen haƙora: ƙashin da ke ƙarƙashin giɓi ba ya jira

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in faɗi abin da ya same ni a bakina, ko Allah zai sa wani ya kauce wa ramin da na faɗa. Shekarata 59, aikina koyarwa. A cikin shekara tara haƙora shida suka bar bakina: huɗun gaba na ƙasa, da biyu na tauna a sama ta hannun dama. Yanzu an mayar mini da su ta hanyar dashe, wato an kafa ƙusoshin ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi aka ɗora haƙora a kansu. Tun da abokan aiki suka ga giɓin ya toshe, ba a kwana biyu wani bai ja ni gefe ba. Tambayarsu ba ta wuce biyu: akwai zafi? Da tsada? Har yau ban samu wanda ya tambaye ni halin da ƙashina yake ciki ba ranar da na je wurin likita, alhali kuwa a nan gizo ke saƙar.

Ni ba haɗari na yi ba, kuma ba kogo ne ya cinye mini haƙora ba. Ciwon dasashi ne. Ya fara da ɗan jini-jini a kan buroshi da safe, na ɗauka ƙarfin guga ne. A lokacin ina shan taba, kuma sai daga baya na ji daga bakin likita cewa taba tana matse ƙananan jijiyoyin jinin dasashi, jinin ya ragu, mutum ya zaci sauƙi ya samu alhali ciwon yana ci ta ƙasa. Ga kuma ciwon suga da nake ɗauke da shi ban sani ba. Wata rana ina tsaye gaban allo ina karanta wa yara darasi, harshena ya taɓa haƙorin gaba na ƙasa, sai na ji ya motsa kamar turken da ruwan sama ya jiƙa gindinsa. Babu zafi ko kaɗan. Da ya yi zafi da na je asibiti a makon. Da yake bai yi ba, sai da na shekara ina lallaɓa shi da harshe, kafin nan na kusa da shi ma ya kama girgiɗi. Ranar da aka cire su, huɗun gaba ɗaya aka cire, kuma ba a sha wata wahala ba, domin babu abin da ke riƙe da su.

Wanda aikinsa magana ne shi ya san abin da giɓin gaba yake yi wa mutum. Kalmomin da ke da “s” da “ts” suka riƙa fita da iska, yawu yana tsartuwa, na koma ina karatu kaina a sunkuye, in dariya ta zo in kai hannu baki. Aka yi mini haƙoran roba masu cirewa. Da farko sun zauna daram. Bayan shekara ɗaya suka fara rawa, in na ɗaga murya sai in ji suna tashi, in na ci abu mai tauri su goge mini dasashi har ya yi miki. Na zargi wanda ya yi su, na ce aikinsa ne bai yi kyau ba. Na zalunce shi. Robar ba ta canza ba, abin da take zaune a kai ne yake zaizayewa. Daga ƙarshe na jefa su cikin kofi na bar su a can, na ce ai giɓi giɓi ne, ba ya zuwa ko'ina, duk ranar da na samu hali zan toshe shi. Shekara shida na yi a kan wannan tunani.

Wannan tunanin shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na san ba ni kaɗai ke yin sa ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce cututtukan baki sun shafi mutane kusan biliyan 3.5, ciwon dasashi mai tsanani kaɗai ya kama sama da biliyan ɗaya, kuma a cikin waɗanda suka kai shekara 60 kusan kashi 23 cikin 100 ba su da haƙori ko ɗaya. Nawa ne a cikinsu aka taɓa gaya wa cewa ƙashin da ke riƙe haƙori don haƙorin yake raye? Duk taunar da mutum ya yi, nauyinta yana bin saiwa ya sauka a kan ƙashi, ƙashin kuma ya riƙa sabunta kansa. In saiwa ta tafi, jiki ya ga babu aikin da wurin yake yi, sai ya fara janye shi. A shekarar farko bayan cire haƙori, faɗin ƙashin wurin yana iya raguwa da kusan rabi, kuma mafi yawan ramar a watanni ukun farko take faruwa. Daga nan ta ci gaba a hankali, shekara da shekaru. Shi ya sa za ka ga wanda ya daɗe babu haƙora leɓensa ya lotsa ciki, haɓarsa ta matso kusa da hanci, ya tsufa a fuska tun shekarunsa ba su kai ba.

Da na yi niyya, wuri biyu na je. A na farkon, ba a yi minti goma ba an gama duba ni. Aka leƙa bakina da ɗan madubi, aka ce babu matsala, ƙusa shida za a kafa, ɗaya a madadin kowane haƙori, kuma a mako mai zuwa za a iya farawa in na ba da kafin alƙalami. Ba a tambaye ni ko ina da suga ba, ba a tambaye ni taba ba duk da warinta yana jikin rigata, ba a ce a ɗauki hoton ƙashi ba. Na fito ina murna. Maiɗakina ce ta taka mini birki, ta ce, “Malam, abin da za a huda maka ƙashi a kansa, ka daure ka ji ta bakin wani kafin ka biya.”

A wuri na biyu likitar mace ce, ba ta fi sa'ar 'yata ta fari ba. Ta ɗauki wani siririn ƙarfe mai zane-zanen awo ta bi haƙoran da suka rage ɗaya bayan ɗaya, tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi, tana kiran lamba, mataimakiyarta tana rubutawa. Uku, huɗu, shida, shida, bakwai. Ta ce lafiyayyen dasashi zurfinsa ba ya wuce milimita 3. Sannan ta tura ni aka ɗauki hoton nan da na'ura ke zagaya kan mutum, mai nuna tsawon ƙashi da faɗinsa da zurfinsa. Da hoton ya fito ta juyo da kwamfutar ta fuskance ni. Inda haƙoran gabana huɗu suke a da, ƙashin ya sirance daga sama ya yi tsini kamar bakin wuƙa. A sama kuwa ta nuna mini wani baƙin fili ta ce kogon iska ne da ke gefen hanci, kowa yana da shi, amma nawa ya faɗaɗa ya gangaro inda saiwoyin suka bari, har abin da ya rage tsakaninsa da bakina bai wuce milimita 4 ba, ita kuwa ƙusar da take so ta kafa tsawonta milimita 10 ne. Ta ƙara nuna mini turmin ƙasa da ya rasa abokin tauna ya yi tsawo ya hauro cikin giɓin, da maƙwabcin giɓin da ya kishingiɗa ciki. Ta ja layi da yatsa a kan jijiyar da ke bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa, wadda ke ba leɓe da haɓa ji, ta ce duk wanda zai huda wajen ba tare da ya san inda take kwance ba, yana iya barin mutum da mataccen leɓe.

Na ce, “To Likita, yaushe za mu fara?”

Ta ce, “Malam, a yadda bakinka yake yau, ba zan kafa maka komai ba. Abin da ya cire maka haƙoran yana nan bai tafi ba. In na sa ƙarfe a cikinsa, shi ma zai cire shi.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutum ya tara kuɗinsa da ƙyar, ya zo da su, a ce masa ya koma. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, kuma a zuciyata na san gaskiya ta faɗa. Ta sa aka yi mini gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku, ya fito sama da 9, ta ce sai ya sauko kusa da 7, ta haɗa ni da likitan suga. Ta ce in bar taba. Aka kankare mini dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi, ɓangare-ɓangare, zama huɗu. Wata biyar aka ɗauka ana wannan, ba a taɓa maganar ƙusa ba.

A cikin watannin ne na zauna na bincika asalin abin, domin ina so in san dalilin da ya sa komai nasa jira ne. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, a 1952 yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ɓargo, sai ya kafa wasu ƙananan na'urori na ƙarfen taitaniyom a ƙashin ƙafar zomaye don ya riƙa leƙawa. Da ya gama ya zo cirewa, suka ƙi fita, ƙashi ya tsiro ya manne da ƙarfen kamar tare aka halicce su. Bai yi gaggawar kai abin bakin mutum ba, sai 1965 ya kafa wa wani mutum mai suna Gösta Larsson ƙusa huɗu a muƙamuƙin ƙasa. Mutumin ya rasu a 2006 da ƙusoshin a bakinsa, bayan shekara 40 yana tauna da su. Kuma duk da haka duniya ba ta karɓi abin hannu biyu ba sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982. Abin da na fahimta shi ne, ƙarfin ɗauri ba ya riƙe dashe sai na 'yan makonnin farko. Riƙon gaske na ƙashi ne mai rai, wanda ke tsirowa ya cika zaren ƙusar, kuma yana bukatar wata uku zuwa shida, da jini mai gudu, da wurin da babu ƙwayoyin cuta. Suga mai yawa yana jinkirta warkewa, taba tana rage jinin. Sai na gane ashe ba wahalar da ni likitar take yi ba.

Bari in bayyana yadda abin yake, don da yawa suna zaton haƙori ne guda ake cusawa a dasashi. Kashi uku ne. Akwai ƙusar da ke shiga ƙashi, mai zare kamar sukuru, kaurinta milimita 3 zuwa 5, ita ce a madadin saiwa. Akwai ɗan wuyan da ake ɗaurawa a kanta ya ratso dasashi. Sai haƙorin da ake gani, wanda ake yi daidai da launin sauran. Kuma ga abin da wurin farko bai gaya mini ba: wanda ya rasa haƙora da yawa a jere ba ya bukatar ƙusa ɗaya ga kowane haƙori. Huɗun gabana, ƙusa biyu ke ɗauke da su, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, haƙoran huɗu a haɗe suke kamar gada a kan ginshiƙi biyu. Na tambayi likitar ko huɗu ba za su fi ƙarfi ba. Ta ce haƙoran gaba na ƙasa su ne mafi ƙanƙanta a baki, kuma tsakanin ƙusa da ƙusa ana so a bar ƙashi kamar milimita 3 don ya samu jini, in aka cunkusa huɗu a wannan ɗan wuri, ƙashin da ke tsakaninsu zai narke. Hatta wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a muƙamuƙi, ana iya ɗora masa jeri guda cur a kan ƙusa huɗu ko shida. Wani likita ɗan Fotugal, Paulo Maló, shi ya yi suna da tsarin huɗun. Akwai ma mai sauƙi, inda ƙusa biyu kawai ke riƙe haƙoran roba na ƙasa su daina rawa, mutum ya ɓalle su da dare ya wanke, kuma masana da suka taru a Jami'ar McGill ta Kanada a 2002 sun ce wannan ya kamata ya zama zaɓi na farko ga wanda muƙamuƙinsa na ƙasa ya zama wayam.

Ranar aikin kuwa, tun da ita ce kowa ke tsoro, ga yadda ta kasance. Allurar kashe zafi aka yi mini a dasashi, idona biyu, an lulluɓe mini fuska da koren ƙyalle an bar baki kawai. Ban ji zafi ba. Abin da na ji shi ne rugugi a cikin ƙashi har tsakar kai, da ruwan sanyi mai gishiri-gishiri da ke kwarara ana zuƙe shi. Daga baya na tambayi amfanin ruwan, ta ce ƙashi ba ya jure zafi, in ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya ya fara mutuwa, shi ya sa ake huda shi a hankali, a fara da siririn abin huji a riƙa ƙara kauri, ana sanyaya shi. Da yake ƙashina ya sirance, sai da ta rage tsinin, ta sa siraran ƙusoshi, ta ƙara garin ƙashi a gefe ta rufe da wani tantani, sannan ta ɗinke. Wannan garin ƙashin, ana ɗebo shi daga jikin mutumin kansa, ko a sarrafa shi daga ƙashin dabba, ko a haɗa shi a masana'anta. Ni na tambaya wanne za a sa mini, kuma daga wace dabba, har shi tantanin ma, kuma ina ba kowa shawara ya tambaya, haƙƙinsa ne. Kumburi ya fi yawa a kwana na biyu da na uku. Kwana goma aka cire zare. In gaskiya za a faɗa, cire turmin da aka taɓa yi mini ya fi wannan ciwo.

Na sama ne ya ba da wahala. Sai da aka buɗe ɗan taga a gefen ƙashi, aka ɗaga tantanin kogon iskar nan sama a hankali, aka cika ƙarƙashinsa da garin ƙashi, aka ce in jira wata shida ya zama ƙashi. Mako biyu an hana ni fyace majina, in atishawa ta zo in yi ta baki a buɗe. Duk wannan aikin, da tsadarsa da jiransa, kuɗin shekarun da na yi ina cewa giɓi ba ya zuwa ko'ina ne. Da na zo da wuri, da wataƙila ba a yi shi ba.

Akwai abin da ya zama dole in faɗa, ko da yake ba ya yi mini daɗi. Bayan an kafa ƙusoshin sama biyu, wata rasuwa ta same mu a gida, hankalina ya tashi, na koma wa taba. Na ce kara biyu ko uku a yini ba za su yi komai ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Bayan wata biyu na je a duba, likitar ta ƙwanƙwasa ta farko da bayan madubi, ta yi ƙara tsaf kamar an bugi dutse. Ta ƙwanƙwasa ta biyu, ƙarar ta fito a dushe. Ta sa ɗan abin murɗawa ta taɓa, sai na ji ƙusar ta juya a cikin naman. Ko ƙarfi ba ta sa ba ta zaro ta, ta ajiye a faranti, fes da ita, babu alamar ƙashi ya taɓa kama ta. Ta dube ni ta ce, “Malam, ka koma ko?” Na ce na koma. Ta ce ba za ta rantse taba ce kaɗai ta jawo ba, domin dashe yana faɗuwa ko ga wanda bai taɓa sha ba, amma masu sha sun fi fuskantar haka nesa ba kusa ba, musamman a muƙamuƙin sama da ƙashinsa ya fi taushi. Wata uku aka bar ramin ya cike, aka sake kafawa, aka sake jira. Tun ranar ban ƙara kunna taba ba. Daga ranar da na fara shiga ɗakinta zuwa ranar da aka ɗaura haƙori na ƙarshe, shekara biyu ba wata biyu.

Shi ya sa tallan nan na “haƙora a yini ɗaya” yake damuna. Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya: wanda ƙashinsa yake da kauri da ƙarfi, ana iya kafa masa ƙusa a ɗora haƙoran wucin gadi a ranar. Amma na wucin gadi ne, ba a tauna abu mai tauri da su, na dindindin sai bayan watanni, kuma hoton ƙashi ne ke faɗin wanda ya dace, ba allon talla ba. Haka nan in an ce sama da kashi 90 cikin 100 na dashe suna kai shekara goma, gaskiya ne, amma a bakin waɗanda aka tantance kafin a yi musu, suke kuma komawa ana dubawa. Wanda aka gasa wa cutar daji da na'ura a kai ko wuya, da mai shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi, da mai shan maganin tsinka jini, dole likita ya sani tun kafin a taɓa shi. Yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba, ba a yi masa, domin ƙusa ba ta tafiya tare da ƙashi mai girma. Mai cizon haƙora a cikin barci kuwa, sai an yi masa abin sawa da dare, in ba haka ba, yana iya fasa haƙorin ko ya kwance sukurun.

Yau ina tauna ta kowane gefe, ina karatu kaina a ɗage. Amma ba zan ce daidai suke da waɗanda Allah ya halitta mini ba. Haƙorin asali yana rataye ne da wasu siraran zaruruwa tsakaninsa da ƙashi, su ke sa ka ji ko ƙwayar yashi ce ta shiga tsakanin haƙoranka, su ke gaya maka ka sassauta cizo. Dashe ba shi da su, ƙarfe ne manne da ƙashi. Watannin farko sai na riƙa jin kamar da sanda nake taɓa abinci. Na saba, amma bambancin yana nan. Kuma ko da yake ba ya yin kogo, naman da ke zagaye da shi yana kamuwa da irin ciwon da ya cire mini na farko, ya ci ƙashin da ke jikin ƙusar a hankali, shi ma galibi babu zafi sai ya yi nisa. Wanda ciwon dasashi ya taɓa cire wa haƙora, kamar ni, shi ne a sahun gaba. Don haka kowane dare ina tsayawa gaban madubi da wani ɗan buroshi mai kama da tsinke mai gashi, in bi tsakanin haƙora, sannan in zura zare ta ƙarƙashin gadar in ja shi gaba da baya. Minti biyar ne. Duk wata shida ina komawa ta auna, ta wanke, lokaci-lokaci ta ɗauki hoto ta gwada da na baya.

Kada a ɗauka ina cewa duk mai giɓi sai ya yi dashe. Aiki ne mai tsada a ko'ina yake, kuma ba kowane jiki ke ɗaukarsa ba. Akwai gadar da ake ɗorawa a kan haƙoran da ke gefen giɓi, tana da sauri, illarta sai an feƙe lafiyayyun haƙora biyu. Haƙoran roba ma suna aiki in ana komawa ana yi musu ciko yayin da dasashi ke sauka, abin da ni ban yi ba. Kuma ba lallai ne sai an cika haƙora 32 ba. Masana sun daɗe da cewa haƙora 20 masu haɗuwa da juna suna isar mutum tauna, har ƙasar Japan ta ɗauki wannan ya zama yekuwa tun 1989, cewa mutum ya kai shekara 80 da haƙoransa 20. Likitata da kanta ta ce da turmi na can ƙurya kaɗai na rasa, da ta ce in bar shi. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya zauna bai zaɓi komai ba, yana zaton duk ƙofofin za su tsaya a buɗe har ya shirya.

A nan nake da kuka ga likitocin haƙori, cikin girmamawa. Sau uku aka cire mini haƙora a wurare dabam-dabam, kowane lokaci aka ba ni auduga in cije, aka rubuta mini magani, aka ce kada in kurkure baki sai gobe. Ba wanda ya ce mini, “Malam, wurin nan zai fara ramewa daga yau, me kake so a yi da shi?” Ba wanda ya ce akwai garin ƙashin da ake iya zubawa a ramin tun ranar cirewa don a rage ramar. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa mutum mai shekara hamsin haƙoransa ke zubewa, balle ya ce in je a gwada mini suga. Na san layi yana da tsawo, na san hannu ya yi kaɗan. Amma maganar ba ta fi minti biyu ba, kuma ni ta ci mini shekara shida, ta kuma ci mini rabin ƙashi.

Kai ma, Edita, ina roƙonka, shafin lafiya na wannan jarida ya gayyato likitan dasashi ya yi wa mutane bayani da hotuna, a ga yadda ƙashi yake a shekarar farko da ta biyar bayan cire haƙori, domin gani ya kori ji. Masu karatu kuma da ke shirin zuwa, duk inda aka ce za a kafa muku ƙusa ba a ɗauki hoton ƙashi ba, ba a auna dasashi ba, ba a tambayi suga da taba da magungunan da kuke sha ba, ku ɗauki hularku ku fito. Ku tambaya ƙusa nawa za a sa kuma don me, ku tambaya in ɗaya ta faɗi wa zai ɗauki nauyin sakewa, ku karɓi takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙusar da girmanta ku adana, domin sau da yawa kayan wani kamfani ba sa shiga na wani, kuma bayan shekara goma wataƙila wani likitan ne zai kwance ta.

Ƙanena da ke bi na, a makon jiya muna zaune na lura yana tura haƙorin gabansa na ƙasa da harshe, irin turawar da na sani. Na tambaye shi, ya ce ai ba ya ciwo. Na karɓar masa lokaci wurin likitar ranar Talata, kuma ni zan kai shi da kaina.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara mana lafiya.

Naka,
Wani malamin makaranta, mai karanta jaridarku.